Rana Ta Cinye Jirgin Baba

Honiara, Yuli 1996

Zuwa ga ƙanena Desmond,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Noeleen da yara. Yaya sanyin Toowoomba? Yaya gwiwar Mama? Ni lafiya lau. Zazzaɓin cizon sauro ya ɗan kayar da ni, amma kada Mama ta ji. Na koma aji, ɗalibaina na ta ba ni dariya.

To, sarkin wayo, wane mai hankali ne zai rataye zanen jirgin saman yaƙin marigayi Baba a baranda, kusa da wurin gashin nama? Ka ce rana ta cinye launin, dillalin hotuna ya ce, "Ko kyauta ba na so, aboki," don haka za ka zubar. Zubar mana, in dawo in same ka!

Noeleen ta rubuto mini abin da idonka bai gani ba. Jirgin ya koɗe, tekun ya yi fari, amma sa hannun Baba da na abokan aikinsa na cikin jirgin suna nan raɗau a ƙasa. Da fensir suka sa, shi kuwa fensir rana ba ta cin sa. Dillalinka launi yake saye.

Ka naɗe shi cikin kwali ka aiko mini, haɗe da ganyen shayi. Bangon ɗakina wayam yake, daga taga kuma ina kallon tekun da Baba ya yi ta shawagi a kansa. Launin da ya ɓace, ina da shi a nan.

Allah ya shirye ka. A gaida Mama.

Yayarka,
Bernadette