Rijiyar Inna Kulu Ta Rage Bayan Katanga

Zuwa ga Maigirma Shugaban Kwamitin Gyaran Makarantun Yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aikinka, ina yi maka barka da ganin ƙarshen damina. Allah Shi sa albarka ga abin da anka noma.

Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Rimawa, cikin ƙasar Goronyo. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma komi ba. Abin da na saba shi ne in zauna bayan la'asar in rubuta wa kaina abin da ya wakana a yini, wanda ba mai karantawa sai ni. Wagga wasiƙa kuwa na rubuta na yage, na sake rubutawa na ajiye, ina tsoron kada a ce an yi wa mutum alheri ya buɗe baki da ƙorafi. Idan ka ga inda na yi kuskure, ka ɗauke shi rashin sani. Na fito da ita fili ne don na ji ana irin wanga gyara wajen Wurno da Rabah, wataƙila abin da ya same mu shi amfane su.

Na farko, godiya.

Ranka shi daɗe, ka san yadda makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo ta garinmu take kafin ku zo. Iska ta yaye rufin azuzuwa, awaki sun fi ɗalibai sanin hanyar ofishin shugaba, yara na zama bisa duwatsu da buhunan da sunka zo da su daga gida. Mun sha jin an ware kuɗin gyara, ba mu taɓa ganin ko ƙusa ba. A wanga karo kun kira iyaye, kun gaya muna abin da za a yi, kuma anka yi shi muna kallo. Ga rufi, ga kujeru, ga allo mai kyau, ga katanga kewaye da ƙofar ƙarfe, ga malamar kimiyya da ba ta fashi. Har rumfar salla kun yi wa yara, da daɓen siminti, alƙiblarta daidai. Liman ya je ya duba ya ce babu gyara.

Ɗiyata Lubabatu, da muke kira Luba, tana cikin waɗanda sunka ci wanga alheri. Wata rana ta dawo gida tana haki, ko hijabi ba ta cire ba ta shiga gaya muna wai malama ta ɓare fatar albasa ta sa ƙarƙashin madubin ƙara girma, sun leƙa sun ga ɗakuna jere kamar an aza bulo. Uwarta ta ajiye muciya ta ce, "Tun kakanninmu muna noman albasa, ashe ɗakuna gare ta? To wa ka kwana ciki?" Munka yi dariya har maƙwabta sunka leƙo. Tun ranan Luba ta ce aikin asibiti za ta yi, kuma ba ta sauya magana ba. Ni da na bar makaranta ban taɓa leƙa irin wanga madubi ba, ka san yadda zuciyata take.

Na biyu, yadda ta shiga makarantar.

Ba da sauƙi ta shiga ba. Tun rasuwar mahaifinmu, Yaya Malami shi ne babba a gidanmu, manomin albasa ne kuma mai karatun addini, maganarsa ita ce ta ƙarshe ga sha'anin yaran gida. Shi ya so a kai Luba wata makarantar kuɗi cikin Goronyo, ta zauna wurin gwaggonta. Makaranta ce mai kyau, ban da abin aibata ta, suna haɗa boko da addini, salla ba ta wuce su. Sai dai ba su da ɗakin kimiyya. Ni kuwa na ga gyaran da kuke yi, na dage. Ni ba mai jayayya ba ne, ko a kasuwar Gandi aka taya mani kaya da arha kunya nake ji in ƙi. Amma kan wanga na yi ta komawa zaurensa har ya gaji. Ya ce mani, "Kai dai ɗinki ka sani. Ɗiya ba riga ba ta, da in ta ɓaci za ka farke ka sake." Daga baya ya yarda, bisa sharaɗi guda: kada karatu shi ci mata salla. Na ɗauki alkawari gaban ƙannenmu.

Na uku, inda matsalar take, kuma nan nake roƙon ka karanta a hankali.

Gabas da makarantar akwai rijiya a ƙofar gidan wata dattijuwa, Inna Kulu. Mijinta marigayi ya gina ta sadaka. Mu bakin fadama muke, ba ta da zurfi, ruwanta ba ya ƙafewa. Tun ina yaro duk wanda ya yi karatu a wannan fili nan yake sha, nan yake alwala. Ba wanda ya taɓa tambayar rijiyar ta makaranta ce ko ta gida ce, don babu abin da ya raba su. Da masu awo sunka zo, sunka bi iyakar fili yadda take a takardarsu. Ba su yi ha'inci ba, na shaida. Amma katangar ta bi tsakanin azuzuwa da rijiyar, ta bar ta waje, kusa ƙwarai, har daga rumfar salla ana jin guga na bugun bango. Mu ma muna tsaye ana aza bulo, muna ta sa albarka, ba wanda ya tuna. Ruwan da anka kwaɓa simintin katangar da shi ma daga rijiyar anka ɗebo.

Ƙofar ƙarfen tana yamma. Ana rufe ta da safe, ba a buɗewa sai an tashi, saboda halin tsaro da kowa ya sani. Ban ga laifin haka ba, ni ma hankalina ya fi kwanciya. To amma an ƙara wa manyan azuzuwa darasi har gab da la'asar, azahar na riske su ciki. Rijiyar burtsatse an ce sai kashi na biyu na aiki. Ɗan ruwan da yarinya za ta riƙo a gora ba ya kai hantsi a zafin garinmu. Sai ya zama ga wurin salla sabo fil, babu ruwan alwala. Yaran sunka shiga yin taimama.

Matan unguwa ne sunka fara kawo ɗauki, ba wanda ya sa su. Da an kira azahar sai su taru bakin rijiya, wasu na ja, wasu na cika butoci. Inna Kulu ta kifa turmi jikin katanga ta hau, tana miƙa butoci ta sama, 'yan mata na karɓa daga ciki. Yaran sunka sa mata suna Injiniya. Ita kuwa tana sama tana yi musu tsiya: "Ke 'yar gidan tela, miƙo hannu, ba kwana zan yi nan ba! In na faɗi ku za ku yi jinyata, tunda an ce likitoci za ku zama." Daga shagona nake jin shewarsu. Wata rana turmin ya goce, Allah Ya kiyaye ta ta dafe katanga, amma bokitin ruwan da ke hannunta ya juye bisa maigadin makaranta da ke tsaye ciki yana tsawatarwa. Da kansa ya ce alwalarsa ta yini ta samu. Mun yi dariya, amma ni da na koma gida na kasa rubuta komi ranan. Tsohuwa ce, in ta karye mi za mu ce wa ɗiyanta? Kuma butoci ba su isar kowa, na baya dai taimama suke yi.

Na je wurin shugaban makaranta. Mutumin kirki ne, ya saurare ni, ya ce shi ma abin na damunsa, amma ba shi da ikon taɓa ko bulo guda, don ɗan kwangila bai miƙa aikin ba, sai da sa hannun kwamitinku. Ya ce ya sanar. Ban ce kun ji ba, ban kuma ce kun ƙi ba. Wataƙila takardar na bisa hanya.

Na huɗu, Yaya Malami.

Na yi ta addu'a kada labarin shi kai gare shi kafin a gyara, amma ƙauye ne. Ya aiko anka kira ni. Na yi masa bayanin taimama gwargwadon abin da na sani, ya katse ni: "Taimama ta mi, kana jin guga da kunnenka? Ina alkawarin da ka ɗauka?" Ya ce gobe zai je da kansa shi fito da Luba daga makarantar.

Washegari ya sa babbar riga ya tafi, na rufe shago na bi shi a baya kamar wanda za a kai wa alƙali. Munka iso daidai azahar, ya bi ta gabas don shi ga abin da ake faɗi. Ya tarar da Inna Kulu, sa'ar uwarmu, bisa turmi tana rawar ƙafa da buta a hannu. Ya tsaya. Can ciki munka ji wata yarinya na gaya wa sauran su daidaita sahu, sai wuri ya yi tsit. Daga nan ya ce, "Inna, sauko don Allah." Ta ce, "In na sauko kai za ka hau, Malami? Da wagga riga taka?" Ya juya ya tafi gida. Na ce shi ke nan, ya yi fushi.

Ba a jima ba sai ga shi tafe da yaransa, sun turo injinsa na ban ruwa a kura, wanda ko ɗan'uwa bai ba aro. Anka zura tiyo cikin rijiya, anka jefa ɗaya bakin ta saman katanga cikin duro. Da anka tada injin tiyon ya kuɓuce ya yi ta wulwulawa, ya jiƙa shugaban makaranta, ya dawo ya jiƙa Yaya tun daga hula har takalmi. 'Yan mata sunka kwashe da ihu, mata na guɗa. Ranka shi daɗe, rabon da in ga haƙoran Yaya Malami waje haka tun yana saurayi. Tun daga ranan kullum ana cika duro da safe, iyaye na karɓa-karɓar mai, kowace yarinya na alwala da ruwa har shi rage na sha. Luba ta ce har tsintsiya sunka saya, suna share rumfar da kansu. Inna Kulu ta mai da turminta cikin gida, ko da yake tana ƙorafin an raba ta da aikin gwamnati ba a ba ta fansho ba.

To amma injin na albasa ne. Da damina zaune yake, shi ya sa anka samu. Da an fara dashe dole shi koma fadama, can abincin gidanmu duka yake, ba mai hankalin da zai ce a bar shi. Yaya ya gaya mani a fili, ba da faɗa ba: ranar da injin zai tafi fadama, in babu ruwa cikin makaranta, Luba za ta tafi Goronyo wurin gwaggonta. Ba zan sake jayayya da shi ba, don gaskiya gare shi, kuma ya yi fiye da abin da ni na yi. Na san akwai gidajen da ke jiran su ga abin da gidanmu zai yi su bi.

Saboda haka ga roƙona.

Ka ba da izni a buɗe 'yar ƙaramar ƙofa jikin katanga daidai rijiyar, makulli na hannun maigadi, a buɗe da azahar a rufe. Idan kun ga haka zai raunana tsaro, ku kun fi ni sani, to a lanƙwasa katangar ta haɗo rijiyar ciki, a bar wa unguwa famfo ta waje. Na tambayi Inna Kulu da ɗiyanta, sun ce dama sadaka ce, sun yarda. Ba kuɗi muke roƙo ba. Maginan garinmu sun ce za su yi aikin kyauta, masu amalanke za su kawo yashi, bulo kuwa mu za mu buga. Sa hannunka kawai ya rage.

Ina kuma roƙon a rubuta hutun azahar cikin tsarin darussa, kada shi zama alfarmar da wani shugaba zai yi wani shi hana. Sa'an nan duk garin da za ku ja katanga nan gaba, kafin a kafa turaku a tambayi tsofaffin unguwa inda yara ke shan ruwa. Takarda ba ta faɗin wannan.

Jiya na bi ta bakin fadama, na ga irin albasar Yaya ya kai tsawon yatsa a wurin reno, ya yi kore shar. Ban taɓa ganin iri mai kyau gabana ya faɗi ba sai jiya. Luba ba ta san da sharaɗin ba, ba ta kuma san na rubuto maka ba. Rigar makarantarta ta yi mata kaɗan, uwarta ta sayo yadi, Luba ta kawo mani shago tana tsalle ta ce in yi mata aljihu babba na biro. Na auna ta, na ja alli, amma ban sa almakashi ba, don rigar waccan makaranta launinta daban ne. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Baba, mi kake jira?" In ce mata aiki ya yi yawa. Yadin na nan bisa teburina a ninke. Amsarka nake jira in yanka.

Allah Shi saka maka da alheri kan abin da ka riga ka yi muna, Shi tsare ka da sharrin masu sharri, Shi ba ɗiyanka malamai nagari kamar yadda ka kawo wa namu, Shi zaunar da ƙasarmu lafiya. In ka samu sukuni ka zo ka gani da idonka, ka zo da azahar, kafin injin shi tafi.

Naka mai godiya,
Mahaifin Lubabatu, tela.

Wassalam.