Madubin Mero

Jega, Nuwamba 1929

Zuwa ga taubashina Magaji, a Aliero.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida Kawu da mutanen gida.

Ka san tun da na gama Kwalejin Katsina aka turo ni koyarwa nan, kuna yi mini gorin gwauranci. To, na fara fita. Ran kasuwa bayan la'asar, samari da 'yan mata kan taru a dandalin Firchin. Mahauta na raba tsire don a gan su, zawarawa na gefe suna auna kowa da ido. A nan na ga Mero, ɗiyar Arɗo Labbo na rugar Gehuru, mai sayar da nono.

Ga abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Wani saurayin Fulani, Hamidu, wanda shi ma yake son ta, ya tuɓe riga ya miƙo mini tsumagiyar tsamiya. Kowa na dariya. Mero ta ce, "Malam, alli kaɗai hannunka ya iya riƙewa?" Na ɗauka wasa ne. Na ɗan taɓa haƙarƙarinsa da ita. Nan take dariya ta ɗauke, makaɗa suka saki kiɗa.

An ce mini wannan sharo ne, kuma wanda ya buga dole ya tsaya a rama. An sa ranar ramuwar a kasuwar Maiyama, bayan girbi. Magaji, gaskiya ne? 

Naka, Kalilu.

Aliero

Zuwa ga bawana Kalilu. Gaisuwa irin ta ubangida.

Kai, ɗan boko! Shekara da shekaru kana karatu ba a hwaɗa maka ba a karɓar sanda hannun Bafillace? Na yi dariya har albasata ta zube.

Amma ka ji batun gaskiya. Wanga abu ba wasa ba ne. Bara wani yaron garin Katanga anka ɗauko shi daga wurin sharo a kan jaki, har yau numfashi na yi mai wuya. Mu nan ɗorin ƙashi munka iya, ba ɗinkin ƙirji ba.

In ko ka gudu, daga Jega har Aliero babu budurwar da za ta amsa sallamarka. Zawarawa ma sai su sa ka a waƙar daka. Ni dai shawarata, ka taho ka ɓoye gonata. Gwauro mai rai ya fi.

Ubangidanka, Magaji.

Jega, Disamba 1929

Magaji, bayan gaisuwa.

Na gode da tayin gona. Na ɗaure kayana, na kuma kwance su.

Na je wurin Arɗo Labbo na bayyana masa kuskure ne. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, haƙarƙarin Hamidu bai san kuskure ba." Shugaban makarantarmu kuma ya ja ni gefe, ya ce in Bature ya ji malamin gwamnati ya shiga sharo, aikina ya ƙare.

Makon jiya Mero ta tsaida ni bakin kasuwa, ta sa mini ƙaramin madubi a hannu. Na yi murna, na zaci kyautar so ce. Sai maƙwabcina ya gaya mini amfaninsa. Wanda za a buga shi ke ɗaga madubi yana kallon fuskarsa, don jama'a su shaida bai ko ƙifta ba.

Kullum da safe ina gwadawa. Da na tuna ƙarar tsumagiya sai leɓena na ƙasa ya kama rawa. Jiya na hangi Hamidu, ya ɗaga mini tsumagiyarsa. Ta fi babban yatsana kauri, an kuma ce a ruwa take kwana.

Na tambayi Mero ko in na ƙi zuwa za ta ci gaba da kula ni. Ta ce, "Sai ka maido mini madubina, in ba wanda zai duba."

Za ni. In wani abu ya same ni, kai za ka gaya wa Inna, a hankali. Littattafaina a ba makaranta.

Ka yafe mini. Kalilu.

Maiyama

Magaji, ina da rai. Da ƙyar nake riƙe alƙalami.

Bugu ɗaya Hamidu ya yi mini, kamar yadda na yi masa. Fata ta tsage daga hammata zuwa cibiya. Ban motsa ba, aka yi ta guɗa. Gaskiyar ita ce tsoro ne ya sandarar da ni. Ko ihun da na so yi bai fito ba.

Ban san ko labari ya kai wa Bature ba tukuna.

Mero ta zo karɓar madubinta. Ta sunkuyo ta ce, "Kowa fuskarka yake kallo, ni gwiwoyinka na kalla. Ba zan faɗa wa kowa ba. Ka turo manyanka Gehuru."

Ka gaya wa Kawu. Ku zo da goro, da mai magani.

Kalilu.