Hannun da Ka Ara wa Baba a Gidan Alewa

Zuwa gare ka maigidana, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa bayan doguwar tafiya, bangon da na jingina ban taɓa jin ya motsa ba. Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda takarda ba ta iya ɗauka, sai dai ta ɗebi abin da ta ɗeba ta bar mini sauran a ƙirji.

Ina fata ka tashi lafiya a can inda aikin kafa injinan ruwa ya jefa ka. Safiya ce nake rubuto maka, na buɗe shago amma ban taɓa keken ɗinki ba, yadin mutane na gefe yana jirana. Ya yi ta jira! Tun shekaranjiya da muka yi waya maganarka take yi mini kai-kawo. Ka ce abokin aikinka yana so ya fitar da yaransa yawo idan kun dawo, ya tambaye ka ko ɗan gidan tarihin nan na kamfanin alewa ya kai a je, kai kuma ka ce masa bari ka tambayi mai ɗakinka. Na yi dariya, layi ya yanke. Gara da ya yanke, masoyina, don amsar ba ta waya ba ce.

Ka gaya masa gaskiya. Wurin ƙarami ne, ɗaki biyu da ɗan lungu. Fankar silin tana kuka kamar an taka wutsiyar mage, fentin bango ya fara ɓarewa, kuma mai sauri zai zagaye komai kafin shayinsa ya huce. Duk wannan haka yake. Amma ni da aka mayar wa mahaifi a cikin ɗakunan nan, da wane baki zan kira su ƙanana?

Ka tuna yadda Baba ya koma bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin tukunyar sukari a wannan kamfani, wanda muke gane ya dawo tun daga ƙofar gida saboda ƙanshin na'ana'a da ke bin rigarsa, shi ne ya kwanta ya juya wa duniya baya. Hannun dama ya mutu, shi kuma ya yi niyyar bin sa. Ƙwallon robar da likita ta ba shi ya riƙa matsawa ta gangara ƙarƙashin gado, ta yi ƙura a can. In na yi magana sai ya ce, Auta, busasshen itace ba a wahalar ba shi ruwa. Nakan fito daga ɗakinsa in shiga kicin in kunna famfo don kada a ji kukana. Kai kaɗai ka san me ya sa nake barin ruwa yana zuba.

Kuma duk wannan lokaci, wa ke ɗaga shi? Wa ke yi masa aski, wa ke yanke masa farce? Kai ne, kai da bai taɓa kira da wani suna ba sai Mai Sifana, wai mutumin da hannunsa ke warin man inji bai san daɗin duniya ba. Ko a fuska ban taɓa ganin abin ya dame ka ba. Kai kogi ne, abin ƙaunata, ana jefa maka dutse kana ba da ruwa.

Sai ranar da aka kira ka gyaran famfon kamfanin, ka dawo idanunka suna ƙyalli, ka ce sun mayar da tsohon ɓangarensa ya zama gidan tarihi, har ana dafa alewa kaɗan a gaban baƙi, mu kai Baba. Na ce a'a. Na kira Yaya a waya, shi ma ya ce a'a, ya ce kai mutum ya kalli abin da ya rasa fami ne kawai, kuma ba komai a wurin sai tsofaffin ƙarafa. Ba ka yi musu da kowa ba. Ka ce in muka je ya ƙi, sai mu juyo daga bakin ƙofa, ba a yi asarar komai ba. Na ce ai ba zai ma yarda ya fita ba.

Ashe ban gama sanin mijina ba! Washegari kana yi masa aski, ka sassauta murya kamar mai neman ilimi, ka ce: “Baba, wai da gaske farin alewar nan fenti ake zuba mata?”

Na ga Baba ya juyo da kumfa a haɓarsa, ya dube ka sama da ƙasa kamar ka zagi kakansa. “Fenti?” in ji shi. Ya sake cewa fenti, sannan ya ce in miƙo masa hularsa da sandarsa, yau sai ya raba ka da jahilci. Na juya baya ina ninke tawul don kada ya ga fuskata. Ban san ko dariya nake yi ba ko kuka.

Ka tuna lungun da muka fara shiga? Ƙanshin ƙonannen sukari ya tarbe mu tun kafin mu ga kowa, ya shige cikin bangon shekara da shekaru ya ƙi fita. Baba ya tsaya cak, ya ja numfashi, na ji hannunsa na hagu ya matse kafaɗata. A ɗakin farko akwai gwangwanaye masu zanen furanni da suka koɗe, da takardun naɗe alewa jere a ƙarƙashin gilashi, da sikeli, da wani tsohon inji da ya rasa haƙori ɗaya, wanda na ga hannunka yana yi maka ƙaiƙayi a kansa. Matar da ke kula da wurin, jikar wanda ya kafa kamfanin, ta fara yi mana bayani, sai idonta ya sauka a kan tabon ƙuna da ke damtsen Baba. Ta dakata, ta ce ashe ɗan gida ne ya zo, ta jawo masa kujera da kanta.

Bai zauna ba. Ya ɗaga sanda ya nuna wani hoto a bango, na mata masu naɗe alewa zaune a dogon tebur. A gefe akwai wata siririyar yarinya, ɗankwalinta ya karkace, ita kaɗai take dariya kowa ya ɗaure fuska. Ya ce, Auta, ga mahaifiyarki. Wayyo masoyina! Ni da na san Inna da furfura da ciwon gwiwa har Allah ya karɓi abarsa, ban taɓa sanin ta yi irin wannan dariyar ba. Haƙorana ne a bakinta, goshina ne a fuskarta. Da a nan muka juyo gida, wallahi da tafiyar ta biya.

Amma ɗaki na biyu yana jiran mu, kuma can ne abin da nake tsoro ya same ni. Ga tukunyar jan ƙarfe tana tafasa, ga teburin dutse, ga ƙugiya a kafe a bango, ta yi santsi saboda shan hannu. Matar ta juye dafaffen sukarin a kan tebur, ta juya shi har ya ɗan huce ya zama curi mai launin zuma, sannan cikin ladabi ta tambayi Baba ko zai so ya rataya shi da kansa. Ya ba ni sandarsa. Ya matsa. Ya ɗauki curin da hagu, ya yunƙura zai ɗago dama, kafaɗar ta motsa, hannun ya ƙi. Ya sake yunƙurawa. Hannun yana nan a rataye kamar na rigar da aka shanya. Na ga hasken da ya taso a fuskarsa tun safe yana dusashewa a gaban idona, ya ajiye curin a hankali, ya ce in kai shi gida. Na ce a raina, ga maganar Yaya ta fito, mun ɗauko shi daga rami mun jefa shi rijiya.

Ban ga lokacin da ka je ka wanke hannu ba. Na dai gan ka tsaye kusa da shi ka naɗe hannun riga, ka ce masa har yanzu kai ba ka yarda ba fenti ba ne, sai ka gani da idonka, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga naka biyu ya yi yadda ya so da su. Ka ɗauki curin nan da zafinsa, ka ɗora a ƙugiya, ka fizgo shi kamar mai tayar da janareta.

“Kai! Ba taya kake cirewa ba,” in ji Baba. “A hankali. Ja, ninke, mayar.”

Ka ja, ka ninke, ka mayar, ka ɓata. Ya yi tsaki. Ka sake, ka sake ɓatawa, har yanzu ban sani ba ko da gangan ne. Sai ya matso ya ɗora hannunsa na hagu a kan naka, yana tura ka yana janye ka, kafaɗarsa a jikin taka. Alewar ta fara miƙewa, doguwa, tana sheƙi. Daga launin zuma ta koma na hantsi, daga nan ta yi fari fat kamar gajimaren da ya gama zubar da ruwansa. Baba ya ce maka iska ce take shiga cikinta, ba fenti ba, iska ce kawai da haƙuri. Zufa tana keto maka, babban yatsanka ya ƙone ya tashi, ba ka saki ba. Sannan na ji abin da ban taɓa zaton zan ji ba, da wata murya da na manta yana da ita.

“Yawwa. Ja, ɗana. Ja.”

Ka ji kuwa? Na san ka ji, don na ga ka sunkuyar da kai kana kallon teburin dutse kamar an rubuta wani abu a kai. Ni kuwa na tsaya riƙe da sandar da mai ita ya manta da ita, hawaye suna sauka ban share ba.

Da me zan biya ka, hasken idona? Wane ɗinki zan yi maka da zai kai wannan? Da zan tara raɓar safiya duka in wanke maka ƙafa, da zan roƙi damina ta yi ta sauka a duk inda ka taka, da ban rage komai daga abin da ke wuyana ba. An ce yaba kyauta tukwici, to ga nawa: na gode. Na gode da ka ji a'a daga bakina ka gane tsoro ne yake magana. Na gode da ka yarda ka zama wawa a idon tsoho don ya tuna shi gwani ne. Allah ya yi maka abin da ka yi mana, ya ninka, ya tsare gabanka da bayanka.

Bari in ba ka labarin bayan tafiyarka. Baba da kansa ya sa na leƙa ƙarƙashin gado na zaro masa ƙwallon nan, yanzu har barci yake yi da ita a hannu. Duk mako ina kai shi gidan alewa, matar ta ajiye masa kujera kusa da ƙugiya, baƙi suna kewaye shi yana ba su labari, yana ƙara gishiri yadda ya ga dama. Yatsunsa biyu na dama sun fara lanƙwasawa. Yaya ya zo ya gani, ya koma mota ya daɗe bai tayar ba. Kullum da safe kafin ya tambayi shayi sai ya tambaye ni yaushe ɗansa zai dawo.

Ni ma ita ce tambayata. Yaushe? Gidan nan ya yi mini faɗi, takalmanka na bakin ƙofa suna kallona, ko ƙarar babur na ji a layi sai zuciyata ta riga ni zuwa taga. Tsuntsuwa ce ni da aka bar wa sheƙa ba abokin hira. Ka kula mini da kanka, ka ci abinci a kan lokaci, kada ka sa hannu a inji yana aiki, don hannuwan nan yanzu ba naka ba ne kai kaɗai. Abokin naka kuma ya kwashi yaransa su je, ya tafi da wani babba na gidansu in yana da shi, kada ya yi sauri.

Akwai wani gwangwani a kan durowar Baba. Alewa ce a ciki, shi ya naɗe ta ɗaya bayan ɗaya da hagu da yatsun nan biyu, duk a karkace, wata ma takardar ta yage ya sake. Ya rufe da kansa, ya hana ni ko taɓa murfin, ya ce ba mai buɗewa sai kai. Haka zuciyata take, maigidana, a rufe take da sunanka, ko shekaru sun tara mana furfura ba wanda zai ga cikinta sai kai. Ka dawo ka buɗe abinka.

Taka a yau, taka a gobe, taka har numfashi ya ƙare,

Autar Baba, matarka.