Ƙullin Yauni

Isa, ƙarshen damina

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya Yawuri, ya ruwa? Inna da Kaka suna gaishe ka. A gaida wanda zai karanta maka wannan, ya yi haƙuri da rubutuna. In ka kira waya bakina mutuwa yake yi, shi ya sa na ba Sodangi direba takarda.

Baba, maganar igiyar Kaka ce, wadda yake ƙulla ƙulli ɗaya ga kowane irin kifin tabkinmu. Ya ce ranar da aka ba shi sarautar ruwa ƙulli goma sha tara ya tarar. Yanzu takwas suka rage. Ka san dokarsa: kifin da aka yi su uku, wato kamun gayya na shekara uku, ba a gan shi ba, sai ya kwance ƙullinsa. Bara ya kwance na minjirya. Da ya ke idonsa ya tafi, ni ke sa masa kifi a hannu yana shafawa yana faɗin suna. Tarwaɗa, ƙarfasa, tarwaɗa, ƙarfasa. Su kam sun yi yawa har ba sa girma. Kurungu sai jefi-jefi.

Yauni ya yi su biyu bai fito ba. Bana ne na uku. Ban manta ba, ranar da za ka tafi ka ce tabkin da babu yauni bai riƙe magidanci. Ina tsoron in aka kwance wannan ƙullin, kai ma shi ke nan.

Ɗiyarka,
Laraba

Isa, bayan sati uku

Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ciwon ƙafarka?

Za ni faɗa maka abin da ban faɗa wa Inna ba tukuna. Ruwan bana ya cika har gulbi ya haɗe da tabki, abin da ya daɗe bai yi ba saboda yashi. Mata suna ta tace bakin ruwa da gidan sauro, ni ma na bi su, ko da ya ke Kaka ya hana. Ina tsince ƙananan kifi don shanya sai na ga wani siriri, bai kai tsawon tafin hannuna ba, wutsiyarsa kamar ta ɓera. Da na jefa shi cikin ƙoƙo sai ya yi iyo da baya.

Na kai wa Kaka, ko da ya ke dole in faɗi yadda na kama shi. Ya sa yatsu cikin ruwan ya daɗe yana bin bayansa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni nawa irinsa na shanya kafin in lura. Ban sani ba, Baba. Wannan tambayar ta hana ni cin tuwo.

Yana cikin kwatarniya a bayan ɗaki, ina ba shi tana. Yauni ne, Kaka ya rantse. Ka zo ka gani da idonka.

Taka,
Laraba

Isa, farkon rani

Babana,

Ina gaishe ka da kyau. Saƙonka ya iso ta bakin Sodangi, da busasshen kifin da ka aiko, mun gode. Ya ce ka yi dariya, ka ce kifi ɗaya a kwatarniya ba dawowa ba ce. Gaskiyarka ce. Na yi kuka, amma ba a gaban kowa ba.

Na so in riƙe shi har ka zo, sai ya daina cin abinci. Ran Juma'a na ja Kaka da sandarsa muka je gurbin nan mai zurfi na gindin giginya, inda ka koya mini riƙe goran iyo, na saki kifin. Ko juyowa bai yi ba.

Kaka ya tara masunta ya ce bana ba a shiga wannan gurbin ranar su, baɗi ma haka. An yi ta gunaguni, wasu sun ce tsufa ne. Ni kuma na mayar da gidan sauron kan gado.

Ƙullin yauni yana nan, ba a kwance ba. Amma yatsun Kaka sun fara kasa ƙulli, jiya ya miƙo mini igiyar ya ce in ajiye. Na san ba tawa ba ce, kai ya kamata ya ba. Na naɗe ta cikin tsohuwar hularka na rataye a ƙusar da kake rataya komarka ta kamun kifi. Kullum da safe nakan ƙirga, takwas ne har yanzu.

Za ni riƙe maka ita, Baba. Amma Kaka yana ta tambayar ko motar Sakkwato ta iso da kai.

Ɗiyarka mai kewarka,
Laraba