Saurin Jinin Baba

Auta,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? A asibiti an saka Baba a na'urar maganaɗisun nan mai ƙara, irin wadda kake aiki da ita, don a auna saurin jinin da ke fita daga zuciyarsa. Na ga hoton, fari tas, sai baƙin tabo a tsakiya. Mai na'urar ya ce baƙi alamar jini mai komawa baya ne, amma a sake awon. Jini ya koma baya, Auta? Abinci ya gagare ni. Baba kuwa ya rantse ba zai sake shiga ba, wai an miƙar da shi kamar gawa.

Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Jinin bai juya ba. Kafin awo muna saka wa na'urar iyakar saurin da za ta karanta. In jini ya wuce iyakar, sai ya fito baƙi. A ɗaga iyakar a sake awon.

Ƙanenki

Auta,

Alhamdulillahi, ashe laifin na'ura ne! Na faɗa wa Baba. Yau da kansa ya hau benen shagonsa, yana haki yana dariya. An bar maganar sakewa. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka

Yaya,

Ba haka nake nufi ba. Kin tuna yadda muke danne bakin tiyo da yatsa in muna wanke motar Baba, ruwan ya fito da ƙarfi? Jinin ya wuce iyaka ne domin ƙofar zuciyar ta tsuke. Sai an san saurinsa likita zai san ko aiki za a yi. Ki hana shi benen. A gaida shi.

Ƙanenki

Malam Auta,

Sannu da bayani. Ni zan hana shi? Jiya jiri ya zaunar da shi a matakala. Ya ce baƙuwar murya a cikin na'ura ba za ta sake ce masa "riƙe numfashi" ba, alhali ya haifi mai aikin. Tsoro yake ji, ni ma haka. Kai kuma kana can kana aiko mana da tiyo. Na bar ka lafiya.

Yayarka

Yaya,

Na ɗauki hutu, ina hanya. Ba za su ba ni na'urarsu ba, amma ana barin ɗa ya tsaya a ɗakin ya dafa ƙafar mahaifinsa. Ki ce masa in muryar ta yi magana, tare za mu riƙe numfashin.

Auta