Minti Bakwai Zuwa Gonar Baba

Hindawiyya, Makka
4 ga Rajab

Zuwa ga Yayana Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya Kadawa, yaya aikin rani? Yaya gwiwar nan taka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon murya. Gidanmu ƙarami ne, in na yi tari a kicin ana ji a falo. Su kuwa yaran Larabci ya cinye su, ba sa karanta Hausa. Shi ya sa na rubuta, 'yata Lujain za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka ba tare da ta san me na ce ba.

Wata uku ke nan da shanyewar ɓarin jikin maigidana Malam, abokinka. Baki ya dawo, hannu ya dawo rabi, ƙafar hagu ce ta ƙi. Mutumin da ya shekara talatin yana gyara kekunan da ake tura tsofaffi a kai wajen ɗawafi, yau shi ake turawa. Likita ya ce lallai ya riƙa murza keken motsa jiki, irin wanda ba ya zuwa ko'ina, minti ashirin a jere kullum. Ya ce in ba a samu haka kafin azumi ba, ƙafar za ta sandare, sai dai kujera har abada. Wallahi Yaya, tsoro nake ji.

Lujain ta kawo keken, aka kafa shi yana kallon bango. Ta ɗora masa waya a gaba mai nuna wata hanyar keke a ƙasar Turawa, a bakin ruwa, ba mota ko ɗaya. Ya kalla ya kalla, ya ce a ɗauke. Wai wane irin ruwa ne wannan da ba ya shayar da gonar kowa, kuma mutane suna wuce juna ba sallama. Sai ya rufe ido, ya ce shi yana da tasa hanyar.

Ka san ta. Hanyar da yake bi yana saurayi, lokacin yana aikin buɗe ƙofofin ruwa, a kan baƙin kekensa mai ƙararrawa. Ina jin sa yana kiran wuraren ƙasa-ƙasa: bakin babban kanal na ruwan noman rani, gadar da Fulani ke tsallakar da shanu, layin dalbejiya. Ni ma sai in ajiye wuƙa in tsaya, in ga alkama kore shar dama da hagu, balbelu a bayan masu huɗa, ba abin da ke bin wannan turba sai keke da jaki. Shekara talatin da takwas ina cikin duwatsun nan da hayaƙin tasi, amma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan bai bar hancina ba.

Ga damuwar. Kullum a minti na bakwai sai ya tsaya cak, ya sauko. In ya sauko kuwa ƙafar ba ta yarda ya sake hawa. An auna zuciya, an auna numfashi, lafiya lau. Na yi lallashi, na yi faɗa, jiya har na ce masa lalaci ne ya kama shi da tsufa.

A taya mu da addu'a. Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Baraka

Hindawiyya, Makka
19 ga Rajab

Yaya Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na ga amsarka, na gode da addu'a, Allah ya bar zumunci. Maganin gwiwa yana hannun wani mai umara ɗan Kura, zai iso gare ka.

Yaya, na yi wa bawan Allahn nan rashin adalci, kuma kunya ta ishe ni.

Ranar Talata ya sauko kamar kullum, sai ya yi yunƙurin durƙusawa, ƙafar ta zame, ya faɗi. Allah ya kiyaye, goshi kawai ya kumbura. Da na tallafo shi sai na ga silifas ɗinsa ajiye a gefe, a jere. Ashe kullum sai ya cire su in ya sauko, ni ban taɓa lura ba, idona yana kan agogo. Na tsaya na bi hanyar a raina: kanal, gada, dalbejiya. Me ke bayan dalbejiya, Yaya? Gonar Baba.

Sai na zauna a ƙasa kusa da shi na yi kuka. Ka tuna tun yana neman aurena bai taɓa wuce gonar nan a kan sirdi ba. Tun daga nesa zai sauko, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya tura keken da hannu har ya wuce iyaka. Kai da kanka kana tsokanarsa, kana cewa keken nan rabin rayuwarsa turawa ake yi. Baba ya sha ce masa ya yafe masa sauka, bai taɓa ji ba. Ko zuwanmu na ƙarshe, bayan rasuwar Baba, da ya ari keken maƙwabcinka ya zaga, sai da ya sauka a nan.

Kada ka zaci hankalinsa ya taɓu. Ya san Baba ya rasu, ya san a Makka yake. Da na matsa masa, ya ce shi ba zai iya murza ƙarfe yana kallon bango ba sai ya bi hanyar nan, in ya bi ta kuma ba zai keta gaban surukinsa a kan keke kamar marar tarbiyya ba. Na ce to ya bi wata hanyar. Ya ce hanyar guda ce, ruwa a ɗaya gefen. Na ce ni 'yar mai gonar na yafe masa. Kallon da ya yi min, sai ka ce na ce ya sha ruwa da azumi. Wai tun yaushe mace ke yafe wa miji gaisuwar ubanta.

Na yi wa likita bayani ta bakin Lujain. Ya yi dariya, ya ce a gaya masa ya daina tunanin kawai. Lujain ma cewa ta yi, ya Ummi, ai a ransa ne, ya tsallake wajen mana. Ban ga laifinsu ba, ba su taɓa ganin mutum ya sauka daga abin hawa don wani ba.

Saura kwana arba'in azumi. Ga roƙona. Gonar tana hannunka, kai ne a mazaunin Baba, kuma da ka tsufa muryarka ta koma tasa sak. Don Allah ka je gonar, ka ɗauki murya a waya, ka ce ka amsa gaisuwarsa, ka yafe masa sauka. Na san za ka yi dariya. Yi dariyarka ka gama, amma ka je.

Ka gaida uwargidanka Yaya Babba da yara.

Taka,
Baraka

Hindawiyya, Makka
11 ga Sha'aban

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya ƙoƙari? Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Baba da Inna.

Bari in fara da gaskiya. Da na saurari saƙonka ni kaɗai, raina ya ɓaci. Na roƙe ka yafiya, ka turo min faɗa. Kwana biyu na riƙe shi ban kunna masa ba. A na uku na ce tunda ba ni da wani, bari in gwada.

Da safe bayan ya sha shayi ya hau, ya rufe ido. Na tsaya a bayansa da waya a hannu ina bin sa. Ya wuce gada, ya shiga dalbejiya, na ga ƙafar ta fara sanyi, yatsunsa suna neman fita daga silifas. Sai na danna. Ƙarar ruwa ta fara cika ɗakin, da kukan kurciya, sannan muryarka, kana cewa ka amsa, amma ba gaisuwa ce ta dame ka ba, an bar ƙofar ƙarshe ta bakin kogi a buɗe, ruwa duk yana zurarewa, alkamarka tana shan ƙishi, shi kuma ma'aikacin ruwa yana nan yana neman wajen durƙusawa. Ka ce ya yi maza ya je ya rufe.

Yaya, bai sauko ba. Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa kan keken, ya ce to Baba, ya taka. Sai a lokacin na gane ka fi ni sanin abokinka. Yafiya bai taɓa karɓa ba, amma suruki ba ya aikensa ya tsaya.

Daga nan na ji wuraren da na manta da su. Mangwaron makaranta, lambun albasa, wajen da ake tsallaka ƙaramar magudana a kan katako. Gumi yana ɗiga, ƙafar hagun tana rawa amma tana juyawa. Da ya iso mashayar da muke wanke-wanke, sai na ga babban yatsansa ya motsa sau biyu a inda ƙararrawa take zama. Haka yake yi min in ya hango ni, don ba ya iya yi min magana a gaban mutane. Na rufe baki da mayafi don kada ya ji ni.

Minti ashirin da shida ya yi kafin ya kai kogi. Ya tsaya, ya buɗe ido, ya ce ya rufe ƙofar.

Yau kwana goma sha bakwai kullum sai na kunna masa, kullum sai ya je. Shekaranjiya ya taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida da sanda, ba mai riƙe da shi. Likita ya ce ƙafar ta tsira. Malam har ya fara cewa ɗawafin azumi da ƙafarsa zai yi, na ce ya bi a hankali, gaggawa ba tamu ba ce.

Abu ɗaya ya rage. Kullum in ya sauko sai ya dube ni kamar mai jiran wani abu, jiya dai ya faɗa. Ya ce an aike shi ya je, amma ba wanda ya gaya masa sakamako. Saboda haka in ka koma gonar, ka sake ɗauko mana murya, ka amsa masa da bakinka. Ya ce in tambaye ka, ruwan ya hau gonar kuwa?

Ka huta lafiya, Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai godiya,
Baraka