Motata Ba Ta Son Tsayawa, Surukata Ta Yi Fushi

Baba Mai Shawara, ka taimake ni, mota za ta raba ni da surukata. In ina gudu lafiya lau take, amma da na tsaya a cunkoso sai allurar zafi ta haye ja, hayaƙi ya turnuƙe bonet. Na ƙara ruwa har na gaji. Sai na yanke shawarar daina tsayawa. Matata ta ƙware wajen sauka mota na tafiya. Rannan muka hango mahaifiyarta a bakin titi da kaya niƙi-niƙi tana ɗaga mana hannu, ni ma na ɗaga mata, na wuce. Yanzu ta baza a dangi cewa na yi mota na fi ƙarfin gaisuwa. Ga shi ni zan kai ta ganin likitan ido ranar Asabar, kuma hanyar ta tsakiyar kasuwa ta bi. Matata ta ce in na sake kunyata ta, can gidansu zan same ta.

Naka, Mai Wucewa

Ɗana Mai Wucewa, na daɗe a duniya, amma yau na fara jin wanda ya yi wa surukarsa gaisuwar jirgin ƙasa. Fushinta yana kan hanya. Kai ma ba girman kai ke damunka ba, fanka ce. In kana gudu, iska ke sanyaya lagireto. In ka tsaya, aikin ya koma kan fanka, taka kuwa da alama ta yi ritaya.

Ka buɗe bonet, ka bar injin yana aiki har ya ɗauki zafi, ka zuba ido. Ido na ce, ban da hannu. In ba ta juya ba, ka kai wa mai wayarin ya duba fiyus da rile (makunnin da ke tayar da ita) da soket. Ya haɗa ta kai tsaye da batir: in ta juya, laifin waya ne ko na'urar da ke gaya mata zafi ya yi, in ta ƙi, a sake ta. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Kafin Asabar ka je wajen Hajiya da ƙafa, ka durƙusa ka gaya mata gaskiya. Za ta yi maka dariya a gaban 'yan'uwa, ka daure, ka zauna har sai ita ta sallame ka. Allah ya daidaita ku, ya ba ta lafiyar ido.